Biyar Cikin Ɗari a Dutsen Marke

Shekara ashirin da shida Dela ta yi tana fasa dutse a Dutsen Marke, wani ƙauye da ke maƙale a gindin tsauni tsakanin Kazaure da Roni. Aikin ba shi da wani sirri. Maza su hura wuta a jikin falalen dutse har ya tsage, su ɓamɓaro manyan gutsattsari, mata su zauna da guduma su mayar da su tsakuwa. Kowace mace da tarinta a bakin hanya, masu tifa su zo su yi ciniki su kwashe. Da wannan gudumar Dela ta aurar da 'ya'ya mata biyu, da ita ta kai ɗanta na fari, Musaddiƙ, har ya yi difloma. Da matan suka tashi neman shugaba ba su yi dogon tunani ba, ita suka ba.

Tun zamanin tsohon dagaci, ƙungiyar ci gaban gari ce ke karɓar harajin dutse, da shi ake gyaran rijiyar burtsatse da rufin makaranta. Tsarin kuwa hawa-hawa ne. Mai guduma ba ta biyan komai. Mai tifa goma cikin ɗari. Mai inji ashirin cikin ɗari. Mai injin kuma mutum ɗaya ne, Alhaji Jalaluddeen, wani ɗan kwangila da ya kafa ƙaramin inji a gabashin tsaunin, wanda ke yin aikin kwana biyu ya kwanta kwana biyar.

Wata Talata a ƙarshen damina, Dela ta hau wurin aikinta da safe ta tarar da jan fenti a jikin dutse. An ja dogon layi, ana yi ana rubuta lamba. Layin ya bi ta kan falalen da take zama, ya gangara har kwarin da ruwa ke taruwa, inda shanun ruga ke sha. Can sama ta hango mutum uku. Biyu baƙi ne, suna leƙa wata na'ura mai ƙafa uku. Na ukun yana riƙe da gwangwanin fenti, ya ba ta baya, amma ba ta buƙaci ya juyo ba. Tsayuwar ubansa gare shi.

Fatu, wadda tarinta ke maƙwabtaka da na Dela shekara goma sha biyar, ta matso ta rage murya.

"Ba ɗanki ba ne wancan?"

"Na gani," in ji Dela.

"An ce Asabar za a yi taro a kan haraji. Ba a yi taron ba, ga shi har an fara awo."

Dela ta taka har kan falalenta. Ta zauna a kan layin ta ɗauki gudumarta. Fentin bai gama bushewa ba, sai da ya ɓata mata zane.

Da azahar Musaddiƙ ya shigo gida ya durƙusa ya gaishe ta. Ɗan fari ne, ba ta kiran sunansa, ba ta kuma cika haɗa ido da shi ba. Ta tura masa kwanon dambu tana kallon wani wuri.

"Kai, me kake shafa wa dutse?"

"Awo ne kawai, Inna. Dama ina so in yi miki bayani kafin Asabar." Ya gyara zama. "Tsarin nan da ake kai shi ya hana garin nan motsi. Mutum ya kawo inji a ɗora masa ashirin, to wa zai kawo na biyu? Shawarar da muka kawo ita ce a mayar da kowa daidai, biyar cikin ɗari, babba da ƙarami. Alhaji ya ce in aka yi haka, abin da ya rage a hannunsa zai sayo babban inji da shi. Matasa ɗari da hamsin za su samu aiki."

"Mu da ba mu biyan komai fa?"

"Biyar ce kawai, Inna. Kuma adalci ke nan, kowa ya sa hannu a gyaran garinsu."

"Biyar ɗin Alhaji daga cikin abin da ya yi masa yawa za ta fita," in ji Dela. "Tawa daga cikin tukunya."

Musaddiƙ ya ajiye cokali. "Shekara huɗu ke nan ina yawo da takarda. Ajinmu mu goma sha ɗaya ne daga garin nan. Uku sun bi ta Agadas, ɗaya har yau ba labarinsa. Biyu suna ramin zinare. In ba a kawo wani abu ba, Inna, kowa tafiya zai yi."

Wannan kam gaskiya ce, ta san uwar wanda ya ɓace, tare suke fasa dutse. Ya gama ci ya fita. Da ta kai wa mijinta Malam Daudu maganar bayan ya dawo gona, cewa ya yi maganar dutse ta masu dutse ce, shi dai fatansa kada a ji kansu da ɗansu a bainar jama'a.

Ranar Alhamis Dela ta ce wa Fatu ta raka ta unguwa. Ta ji a bakin direbobin tifa cewa Alhaji Jalaluddeen yana da babban inji a wani ƙauye, Garin Baushe, can gaba da Kazaure, shekara uku ke nan. Suka hau adaidaita zuwa Kazaure, suka canja wata.

Tun kafin su isa suka fara jin rugugi, ba mai ƙarfi ba, irin wanda ake ji a ƙirji kafin a ji shi a kunne. Ganyen bishiyoyin bakin hanya duk ya yi fari, ko da yake ba a fi kwana uku da yin ruwa ba. Rabin tsaunin garin babu shi, kamar an gutsire shi da haƙori. An kewaye wurin da waya. A bakin hanya kuma ga tarin tsakuwa a jere, fiye da talatin, irin nasu na gida, amma ciyawa ta fito a kansu har ta yi fure.

Wata dattijuwa mai suna Zara tana sayar da dafaffiyar gyaɗa kusa da ƙofar shiga. Suka gaisa, suka sayi gyaɗa. Zara ta dubi tafin hannun Dela.

"Ke ma 'yar guduma ce."

"Daga Dutsen Marke muke. Tarin nan na su wa ne?"

"Na uku daga can nawa ne. Injin nan a awa ɗaya yake niƙa abin da mu duka muke yi a wata. Ya sayar a rabin kuɗinmu. Wace tifa ce za ta tsaya a wurinmu? Ba wanda ya kore mu, 'yar'uwa. Zama muka yi ta yi har muka gaji."

"Amma yaranku sun samu aiki," in ji Fatu.

"Ku tsaya ku gani. Yanzu za su fito cin abinci."

Suka tsaya. Rugugin ya ɗauke, ƙofa ta buɗe. Dela ta bi masu fitowa da ido ɗaya bayan ɗaya. Mutum goma sha uku ne, har da mai gadi. Zara ta nuna huɗu ta ce su ne 'yan garin, sauran tare da injin suka zo.

"An tambaye ku kafin a kawo shi?"

"An tambaye mu mana. Har hannu muka ɗaga."

Suka kama hanyar komawa har suka wuce Kazaure. Sannan Fatu ta ce, tana kallon gonaki, "Huɗu ma ai mutane ne."

Ranar Asabar bayan la'asar gari ya taru a filin makarantar firamare. Dagaci yana kan kujera a gindin darbejiya, dattawa a kan benci, Alhaji Jalaluddeen a gefensu cikin farar shadda, carbi a hannu. Matasa suka cika gaba, sun fi ɗari biyu, har da waɗanda Dela ba ta sani ba daga ƙauyukan kewaye. Mata suna baya a kan tabarmi.

Bayan addu'a dagaci ya ba Musaddiƙ dama. Ya yi magana mai kyau, Dela da kanta ta san haka. Ya ce haraji mai hawa-hawa kamar shinge ne da aka yi wa gona ta yadda ko mai ita ba zai iya shiga ba. Ya ce biyar daga babbar kasuwa ta fi ashirin daga kasuwar da ta mutu. Ya ce idan matasa ɗari da hamsin suna karɓar albashi, mai shayi zai ci, tela zai ci, mai ƙosai za ta ci. Ya kira sunayen abokansa da suka tafi, ɗaya bayan ɗaya, har wata mata a bayan Dela ta rufe fuska da mayafi. Matasa suka yi ta tafi.

Arɗon ruga, wani dogon tsoho, ya miƙe ya dogara sandarsa. Ya ce shi ba shi da ta cewa a kan haraji, amma ya ga jan fenti ya sauka har kwarin ruwa, yana so ya san inda shanu za su sha. Alhaji ya ce za a duba. Arɗo ya jira ko akwai ƙari, da ya ga babu, ya zauna.

Dagaci ya ce, "Shugabar mata masu guduma, ko akwai magana?"

Dela ta miƙe. Ba ta dubi inda ɗanta yake tsaye ba.

"Ranka ya daɗe, ni ban yi boko ba, abin da ido ya gani zan faɗa. Shekaranjiya na je Garin Baushe. Injin da ake mana albishir da shi yana can yana aiki. Mutum goma sha uku na gani sun fito daga cikinsa, huɗu ne 'yan garin. Matan da ke fasa dutse sun fi talatin, yau babu ko ɗaya. Mu a nan mu sittin da biyu ne, ban da mazan da ke hura wuta. A tambayar mini mai magana, in an ɗauki ɗari da hamsin ɗin, mu a wane lissafi muke?"

Dagaci ya dubi Musaddiƙ.

"Ranka ya daɗe," in ji Musaddiƙ, muryarsa ta ɗan sauka, "na Garin Baushe tsohon yayi ne. Wannan ya fi shi girma, kuma za a buɗe wurin buga bulo a gefensa. Iyayenmu mata kuwa, ai lokaci ya yi da za su huta, 'ya'yansu su ciyar da su."

"Allah ya sa," in ji Dela. "To ni roƙona ɗaya ne, ranka ya daɗe. Ban ce kada a rage wa Alhaji ba. A rage. Amma a rubuta a takarda: mutum ɗari da hamsin, 'yan garin nan, cikin shekara guda. In ba su cika ba, harajinsa ya koma yadda yake, namu ma ya koma yadda yake. In alkawarin gaskiya ne, takarda ba za ta cuce shi ba."

Wasu dattawa suka gyaɗa kai. Dela ta ga ɗanta ya juya wajen Alhaji da sauri, fuskarsa a sake, irin ta wanda ya tabbata za a ce to.

Alhaji Jalaluddeen bai miƙe ba. Ya yi murmushi, ya ja carbinsa sau biyu.

"Ranka ya daɗe, baiwar Allah nan ta yi magana ta hankali. Sai dai arziki na Allah ne, wa ya isa ya rubuta abin da gobe za ta zo da shi? Kasuwa ce, yau ta hau, gobe ta sauka. Ni ban zo da tilas ba. Akwai garuruwa biyu da ke roƙona in kai musu injin nan, duwatsunsu ma sun fi naku kyau. Don Musaddiƙ na tsaya a nan. In ba ku so, wallahi ba komai, zumuncinmu yana nan."

Daga cikin matasa aka fara guna-guni. Wani ya ce a bar tsofaffi su kashe musu gaba. Wani ya ce shekara nawa ana fasa dutse da hannu, me aka tara. Dagaci ya ɗaga hannu aka yi shiru, ya sake duban Musaddiƙ, ko yana da ƙari. Musaddiƙ ya sunkuyar da kai.

"A amince da mutum, ranka ya daɗe," ya ce. "Ba komai ake rubutawa ba."

Aka ce masu goyon bayan biyar cikin ɗari su ɗaga hannu. Hannun matasa ya tashi gaba ɗaya. Dela ta yi tsammanin haka. Abin da ba ta yi tsammani ba shi ne motsin da ta ji a kan tabarmarsu. Mata suka fara ɗagawa, ɗaya, uku, goma, kowacce kanta a sunkuye. Hannun Fatu yana cikinsu.

"An yi wa Ɗayyabu alkawarin tuƙin motar ɗibar dutse," Fatu ta raɗa mata. Ɗayyabu shi ne autanta. "Ki yafe ni, Dela."

Ba a ma tsaya ƙirga masu ƙi ba.

Ranar Litinin da hantsi tireloli huɗu suka shigo garin ɗauke da injin, an lulluɓe shi da tamfol. Direbobin sun ce wa mai shayi kwanansu tara a hanya daga Legas. Mai shayi ya faɗa wa kowa, kowa ya lissafa a ransa ranar da suka taso, ba wanda ya furta. Bayan tirelolin wata bas ta biyo da mutum tara, da jakunkunansu da katifunsu.

Cikin wata biyu aka kafa injin. 'Yan gari shida aka ɗauka. Ɗayyabu ba ya ciki, an ce lasisinsa bai kai na babbar mota ba. Wurin buga bulo kuwa an ce sai kasuwa ta daidaita. Musaddiƙ ya samu aiki: aka ba shi jar tuta da hular kwano, shi ne mai kewayawa ya kori mutane daga gindin tsauni idan an busa jiniya za a tashi nakiya. Ranar da aka tashi ta farko, kwanuka suka zubo daga kan kanta a ɗakin Dela, garun makaranta ya tsage daga taga zuwa ƙasa. Ruwan kwari ya koma kalar toka. Ba a yi sati biyu ba Arɗo ya tashi rugarsa ya nufi wajen Babura, bai yi sallama da kowa ba.

Mata suka ci gaba da hawa wurin da aka bar musu a yamma. Tifa ta fara wuce su. Wadda ta samu ta sayar da baro biyu, sai ga mai rasit na ƙungiya ya tsaya a kanta.

Amma ba wannan ne ya fi tsaya wa Dela a rai ba. Matasan ne. Kowace safiya sukan taru a ƙofar wurin injin, da farko da takardunsu a hannu, suna raha. Daga baya suka daina zuwa da takarda, suka daina rahar, amma ba su daina zuwa ba. Sai su jeru a kan duwatsu su yi ta kallon ƙofar. Dela ta lura idan Musaddiƙ ya zo wucewa da tutarsa ya yi sallama, ba mai amsawa. Kawunansu kawai ke juyawa suna bin sa har ya shige.

Wata rana da ya zo cin abinci ta ce masa, "Kai, kawunka na Kanya Babba yana neman mai tsare masa shago. Ka je ka yi wata biyu."

"In na tafi sai a ce na sayar da su na gudu, Inna."

"Yanzu me ake cewa?"

Ya kau da kai. Ya rame, ta ga haka. Ya ce ya je wurin Alhaji sau uku a kan maganar sauran matasan, sau biyu aka ce ya yi tafiya, na ukun aka ce ya rubuto a takarda.

Wata ranar Laraba aka busa jiniya da ƙarfe sha ɗaya. Mata suka tattara gudumominsu suka gangara kamar kullum. Da Dela ta waiwaya sai ta ga matasan ba su motsa ba. Sun fi sittin, suna zaune a kan duwatsun da ke ƙarƙashin inda aka dasa nakiyar, Ɗayyabu a gaba. Aka sake busa jiniya. Ba wanda ya ko gyara zama.

Musaddiƙ ya fito da tutarsa ya nufe su. Dela ta ajiye gudumarta ta bi bayansa, Fatu tana kiranta ba ta juya ba.

"Don Allah ku tashi," ta ji yana cewa. "An riga an haɗa waya. Ku tashi mu yi magana a ƙasa."

"Mun ji maganarka a filin makaranta," in ji Ɗayyabu, a hankali, ba tare da fushi a muryarsa ba. "Zauna tare da mu. Kai ka kawo mu."

Biyu daga cikinsu suka matsa suka buɗe masa wuri a tsakiya. Wasu suka miƙe suka tsaya a bayansa, hanyar komawa ta rufe. Musaddiƙ ya dubi sama inda wayoyin suka bi jikin dutse, ya dubi ƙofar da baƙin ma'aikata suka tsaya cirko-cirko. Ya ajiye tutar ya zauna.

Dela ta ratsa su. Ba wanda ya hana ta, duk a gabanta aka haife su. Ta samu wani dutse kusa da ɗanta ta zauna, ta gyara mayafinta.

"Inna Dela, ki sauka," in ji Ɗayyabu. "Ba da ke muke ba."

"Na sani. Ƙafata ce ta gaji."

Haka suka zauna, rana tana dukansu. Can wani daga cikin baƙin ya hau ya cire wayar. Da aka kira azahar matasan suka miƙe ɗaya bayan ɗaya suka watse. Ɗayyabu ne na ƙarshe. Ya tsaya a kan Musaddiƙ ya ce, "Gobe ma muna nan."

Washegari Musaddiƙ bai je aiki ba, ya aika da tutar da hular. Bai kuma tafi Kanya Babba ba, ya ce in ma za a yi wani abu, a yi yana gari. Alhaji bai zo ba, bai aiko da magana ba. Ranar Juma'a dai motoci biyu suka sauke sababbin ma'aikata, mutum goma sha biyu, majiya ƙarfi, cikin baƙaƙen kaya, da kulake da karnuka uku. Ba ɗan Dutsen Marke ko ɗaya a cikinsu. Kafin magariba sun fara kafa turakun ƙarfe suna ja da waya, daga gabas suna yo yamma.

Asabar da safe Dela ta hau da gudumarta. Mata goma sha ɗaya ta tarar. A ƙasa, matasan sun dawo sun jeru a wannan gefen wayar, sun fi na ranar Laraba yawa, akwai fuskokin da ba ta taɓa gani ba. A ɗaya gefen masu baƙaƙen kaya suna tsaye riƙe da sarƙoƙin karnuka. Fatu ta zo ta zauna kusa da ita, karo na farko tun ranar taro.

"Ɗayyabu bai karya ba ya fita," ta ce. "Na tambaye shi me za su yi, ya ce in je wurin aikina."

Dela ta jawo wani gutsuren dutse gabanta, ta ɗaga guduma, ta tsaya da ita a sama. A ƙasa an busa jiniya.